Yadda ake fitar da hanyar babban layin wutar lantarki a ƙasar Jos

Duk matashin injiniyan da aka danƙa wa wannan aiki, abin da yake fara yi ɗaya ne: ya buɗe Google Earth, ya ja miƙaƙƙen layi daga wannan tashar wuta zuwa waccan, ya ce an gama. Da jan layin ake farawa, amma ka ja uku, domin idan ɗaya ta toshe ka samu ta komawa.

Ka san faɗin filin da kake nema. Layi mai ƙarfin wuta 330kV, irin wanda ya taso daga Kaduna ya shigo Jos ya wuce Gombe, mita 50 yake ci, 25 kowane gefe. Na 132kV mita 30. A cikin wannan fili ba gida, ba doguwar bishiya. Itatuwan turaren nan na wajen Bukuru sai an sare su, kuma kowanne da mai shi. Filin jirgin Heipang kuwa ka ba shi tazara tun a takarda.

Sai ka rage kwana, wato inda layi ke lanƙwasa. Turken kwana, wato hasumiyar ƙarfen da ke riƙe wayoyi a lanƙwasa, ya fi na miƙe cin ƙarfe da kankare, saboda wayoyi suna jansa gefe guda. A wurina gara a ƙara tsawon hanya kaɗan da a ƙara lanƙwasa uku.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: taka hanyar da ƙafa. Sama da shekara ɗari ana haƙar kuza a wannan ƙasa. Kududdufan da ke da ruwa kowa na ganinsu a hoto. Wanda ba a gani shi ne tsohon rami da aka cike da yashin wankin kuza, ciyawa ta rufe shi, ya koma kamar fili mai kyau. A wani aiki mun sa turken kwana a irin wannan wuri, ta wajen Barikin Ladi. Wani dattijo mai noman dankalin turawa ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Yarana, nan fa ba ƙasa ba ce, cikon rami ne. Ni na yi haƙa a nan." Muka ce, "To Baba, mun gode," muka ci gaba da awo. Da masu gwajin ƙasa suka zo, yashi da ruwa suka yi ta tararwa. Matsar da turken kwana kuwa matsar da layi ne gaba da baya: sabon awo, sababbin gonaki, sabuwar diyya. Rani guda ya tafi a haka.

Don haka kada ka fita sai da mai unguwa da tsohon mahaƙi. Su ne kuma za su nuna maka maƙabarta da wuraren al'ada, waɗanda ba kuɗin da zai tayar da su. Ka je da rani, ka koma a Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka gwada ƙasar kowane turken kwana kafin ka tsayar da hanya. Akan ce gwajin na da tsada, amma bai kai kuɗin tushen turke ɗaya ba.

Dutse ma da nasa. Yana riƙe turke, sai dai ba ya barin tsawa ta wuce ƙasa da sauƙi, ga Filato da tsawa, dole a ƙara shimfiɗa wayoyi a gindin turken. Ka kuma tambayi kanka ta ina motar ɗaukar ƙarfe za ta hau.

Sauran aikin takarda ne. Dokar 1992 ta wajabta binciken illa ga muhalli, tare da amincewa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Fili kuwa, bisa dokar 1978, yana hannun gwamna. A ƙirga amfanin gona da gine-gine da hoto da kwanan wata, a biya diyya kafin a sari ko reshe. Sannan safiyo ya auna hawa da gangara, a sa gurbin kowane turke. Alamar gurbin a yi ta da kankare a ajiye lambarta ta GPS, don ta katako ba ta kai damina.