Yadda za ka tantance firam ɗin kabon mai araha kafin ka haɗa keken hawan dutse a Kebbi

Keken tseren daji, irin wanda ake fafatawa da shi a gasar Olamfik tun 1996 a Atlanta, ba dole sai a haɗe ake sayensa ba. Da yawa firam suke saye shi kaɗai, sannan su bi shi da kaya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu. Firam ɗin kabon (zare ne da ake matsewa a gasa, ba ƙarfe ba) mai shoka a baya na manyan kamfanoni irin su Scott, Specialized ko Trek yakan haura dala 2,000, ba taya ba birki. Masana'antun Cana da ke Shenzhen, Dongguan da Xiamen kuwa suna sayar da nasu kai tsaye ta intanet, galibi ƙasa da dala 1,000. Sunayen da za ka yi ta cin karo da su sun haɗa da Carbonda, ICAN, Trifox, Light Carbon da Hongfu. A hoto duk kyawawa ne, baƙaƙe sumul. Abin da zai raba su ga mutumin Birnin Kebbi ko Zuru shi ne wanne za a iya gyarawa a nan idan ya fara ƙara, domin kabon ba ya waldo, kuma ba shagon da za ka je ka ɗauko kayansa.

Mataki na farko, ka dubi ƙasar da za ka taka. Idan yawonka bai wuce hanyoyin gona na Birnin Kebbi, Kalgo, Jega da bakin fadamar Argungu ba, rairayi ne da burji, kuma firam marar shokar baya ya ishe ka, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo. Shokar baya tana nuna amfaninta ne a inda ake da duwatsu da kwazazzabai, kamar ƙasar Zuru da wasu sassan Yawuri, inda tayar baya ke tsalle tana rasa riƙon ƙasa a gangara. Su ma waɗannan wuraren, kowa ya san halin tsaro da ake ciki, sai ka tambayi mutanen gari kafin ka nausa daji, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

Idan har ka tsaya a kan mai shokar baya, samu takarda ka ja layi gida uku. Firam uku kawai za ka zaɓa, fiye da haka kai ne zai ɗaure. A gefen hagu za ka jera abubuwan da ke tafe, kowane firam ka cike masa gidansa daga abin da mai sayarwa ya rubuta. Duk gidan da ya ƙi cikuwa, tambaya ce da za ka aika masa.

Layin farko na shoka ne, kuma a nan aka fi yin asara. Keken tseren daji na yau tayarsa ta baya tana lotsawa milimita 100 zuwa 120, sai a haɗa shi da fok na gaba, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, mai irin wannan awon. Amma yawancin firam masu araha ba sa zuwa da shokar, kai za ka nemo ta. Awonta lamba biyu ne: tsawonta daga rami zuwa rami, da iyakar shigarta ciki. Za ka ga 165x38, 165x40, 165x45 ko 190x45. Akwai kuma nau'in da ba shi da rami a sama, noti biyu ne ke shiga jikin shokar ta dama da hagu, ana ce masa tiraniyon, kuma ba ya musanya da na yau da kullum. Kafin ka ba firam maki, ka bincika ko RockShox, Fox, X-Fusion ko SR Suntour suna yin shoka a daidai wannan awon, da nawa take. Firam mai awon da kamfani ɗaya tak ke yi, ja masa layi ka wuce. Ka tambayi kuma faɗin ƙananan bushin da ke riƙe shokar da kaurin notinta, domin abin da bai kai tsinin yatsa ba yana iya ajiye maka keke wata biyu a jingine. Idan mai firam yana sayar da shokar tare, kuma ta kamfanin da aka sani ce, ni dai zan ɗauka a haɗe ko da kuɗin ya ɗan ƙaru.

Layi na biyu, ƙirga gaɓoɓi. Bayan keken yana motsi ne a kan gaɓoɓi, kowace gaɓa da boris a ciki. Tsari iri biyu za ka fi gani. Akwai mai gaɓa a kusa da aksil ɗin baya, wanda yake da laushi ƙwarai a kan duwatsu ko da ka taka birki. Akwai kuma wanda aka cire wannan gaɓar, aka bar sandunan kabon ɗin su riƙa ɗan lanƙwasa da kansu. Manyan kamfanoni da dama sun koma wannan a kekunan tsere saboda ya fi sauƙin nauyi. A wurinmu dalilin ya wuce nauyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga, damina kuma ta zo da taɓo mai yashi, su biyun abincinsu boris ne. Raguwar gaɓoɓi raguwar wahala ce. Sai ka nemi lambar kowane boris. Idan aka ce maka 6801, 6900, 6901 ko 6902, lambobi ne na gama-gari da masu sayar da boris a manyan kasuwanni irin na Kano ko Sakkwato suka sani. Idan mai sayarwa ya ce nasu na musamman ne sai a wurinsu, rubuta wannan da jan biro.

Sai ma'aunan da kayan keke ke bi. Aksil ɗin baya ya zama 148x12, wanda ake kira Boost. Firam mai 142x12 tsohon yayi ne, shi ya sa wani lokaci za ka gan shi da arha mai ban mamaki, amma wili masu kyau na wannan awon sai raguwa suke. Kunnen da na'urar canja giya ke rataye a jiki an yi shi ne don ya karye a madadin firam idan keke ya faɗi. A 2019 kamfanin SRAM ya fito da kunne na bai-ɗaya mai suna UDH, kuma kamfanoni da yawa sun rungume shi, don haka firam mai UDH ya fi wanda kunnensa sai masana'antar da ta ƙera shi. Sandar sirdi mai kaurin milimita 30.9 ko 31.6, duk biyun ana samu.

Gindin feda kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai BSA, mai tiredi, wanda ake murɗawa kamar noti. Akwai BB92 da PF30 da ake dannawa ciki da matsi. Ka kai firam mai matsi gindin dogonyaro wurin mai gyaran keke, ka ga yadda zai juya shi a hannu ya ƙwanƙwasa da farce ya ce, "Alhaji, wannan ai roba ce," sannan ya miƙa hannu ga guduma da guntun katako. Ba laifinsa ba ne, da su ya saba zare kofin Phoenix da Raleigh shekara da shekaru, kuma ƙarfe yana jurewa. Ramin kabon bugu ɗaya a karkace ya ishe shi ya buɗe, daga nan duk taka feda sai ka ji ƙas-ƙas. Saboda haka idan firam biyu suka yi kunnen doki, mai BSA ya ci.

Haka batun wayoyin birki da giya. Yanzu ana yayin cusa su ta cikin boris ɗin wuya don kada a ga waya ko ɗaya a waje. Yana da kyau a ido, amma ranar da boris ɗin ya ci ƙura, sai an kwance bututun man birki kafin a canja shi. Wanda wayoyinsa ke shiga ta gefen firam ya fi dacewa da mai gyara a tsakar gida.

Mataki na gaba shi ne awon jiki. Kada ka yarda da harafin S, M ko L kaɗai, M na wannan masana'anta yana iya zama L na waccan. Kowane mai sayarwa na ƙwarai yana da zanen firam da teburin awo. Nemi awon miƙa, wato nisan kwance daga tsakiyar gindin feda zuwa saman bututun wuya. A kekunan yanzu matsakaici yakan faɗa tsakanin milimita 430 da 455. Nemi kuma kusurwar wuya. Tsofaffin kekunan tsere digiri 69 zuwa 71 suke, masu saurin juyawa amma masu firgita a gangara. Na yanzu sun sauko 66 zuwa 68, sun fi natsuwa idan ka tunkari dutse. Masana'antu masu araha sukan ci gaba da buga tsohon gwado shekaru bayan duniya ta wuce shi, kuma kusurwar wuya ce ke tona su. Ka lura da tsawon fok ɗin da aka yi awon da shi: ƙarin milimita 20 a fok yana kwantar da wuya kamar digiri ɗaya, don haka ba a gwama teburin da aka auna da fok 100 da wanda aka auna da 120 kai tsaye.

Abu biyu da mai rubuta talla a Shenzhen ba zai tuna maka ba. Na ɗaya, gorar ruwa nawa firam ɗin ke ɗauka a cikinsa. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma wani firam shokarsa ta cinye wurin, gora ɗaya ƙarama kawai ke shiga. Mai ɗaukar biyu ya samu babban maki. Na biyu, faɗin tayar da yake karɓa. Wili inci 29 ne, ka nemi firam mai karɓar taya mai faɗin inci 2.35 ko 2.4, domin faffaɗar taya mai sassaucin iska ita ke tafiya a kan rairayi ba ta nutse ba. Za ka so ta zama marar tub, mai ruwan toshe huda a ciki, saboda tsidau da ƙayar bagaruwa, sai dai ruwan yana saurin bushewa a zafinmu.

Nauyi da lambar kabon na bari baya da gangan, ko da yake su ake bugawa da manyan baƙaƙe. T700, T800 da T1000 sunayen zare ne na kamfanin Toray na Japan, lambar tana nuna ƙarfin zaren. Ingancin firam ya fi dogara ga yadda aka shimfiɗa zaren, aka matse shi, aka gasa, kuma ba ka da hanyar tabbatar da wane zare ke ciki. Irin waɗannan firam suna kaiwa wajen kilo 2. Idan wani ya fi wani sauƙi da giram 200, bai kai rabin ledar fiyawota ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka ce a turo maka hoton firam ɗin a kan sikeli, na awonka, da fenti da notinansa, a kuma turo takardar gwajin ISO 4210, ma'aunin lafiyar keke na duniya. Yadda mai sayarwa ya amsa wannan ma bayani ne.

Yanzu lissafi. Ƙasan takardarka ka tara: firam, fenti idan daban ake biya, shoka da bushinta, boris ɗin wuya, aksil, kuɗin jigila, kuɗin kwastan, da motar da za ta kawo shi daga Legas ko Kano. Jigila tana ba mutane mamaki, domin masu jirgi girman kwali suke aunawa idan ya fi nauyi. Kamfanonin aike da yawa suna ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita su raba da 5,000. Kwali mai 100 da 60 da 20 ke nan za a caje shi a matsayin kilo 24, alhali abin da ke ciki bai kai 4 ba. Ka ƙara famfon shoka, wanda ke kaiwa awon iska PSI 300, domin na mai faci ba ya yi, da sufana mai awon ɗauri. A cikin kwali ɗaya ka sa a haɗo maka kunnen giya biyu da cikakken saitin boris na ajiya. Garanti da yawa suna rubuta shekara 2. Tambayi ko za su karɓi hoto da bidiyo su turo madadi, ko sai ka mayar da firam Cana da kuɗinka. Biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi har kaya su iso.

Ranar da kwali ya zo, kunna bidiyo kafin ka yanka salatif. Haska fitilar waya cikin bututun wuya da ramin gindin feda: ciki ya zama sumul, ba tattara ba rami. Ɗauki kwabo ka bi jiki kana ƙwanƙwasawa a hankali, sauti ya fito garau ko'ina. Inda ya dusashe, musamman kusa da gaɓoɓi, ɗauki hotonsa. Kafin ka ɗaura shoka, kama bayan firam ka ɗaga ka sauke, ya tafi ba cijewa, kuma ba girgiza gefe da gefe. Sa wilin baya ka duba ko tazarar taya daidai take dama da hagu. Duk wani ƙorafi a yi shi kafin a sa kaya ko ɗaya.

Wajen haɗawa, maƙalar sandar sirdi da na kan keke galibi awon ɗauri Nm 4 zuwa 6 suke so, lambar tana rubuce a jiki, kuma man riƙo na kabon ake shafawa a nan maimakon giris. Daga ƙarshe ka hura shoka, ka hau da kayan hawanka, ka sauka a hankali ka duba zoben robar da ke jikinta: ya matsa kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na iyakar shigarta. RockShox suna cewa a buɗe gwangwanin iskar shoka a goge a sa sabon mai duk bayan awa 50 na hawa. Da hunturu kada ka jira awannin su cika, kuma kullum ka dawo ka share sandar shoka da tsumma mai laushi kafin ka jingine keken.