Yadda Ake Dafa Shayin Kayan Ƙamshi Na Sallah

Da yake watan Musulunci yana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, Ƙaramar Sallah ta fara matsowa lokacin hunturu, kuma baƙon da ya zo barka da sallah cikin sanyi zai fi son shayi mai ɗumi a kan lemon kwalba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim na sha ganin amare sun ɗora wannan shayi, sun juye komai cikin tukunya lokaci guda, ya fito da ɗaci kamar maganin shawara. Kusan kullum dalilin shi ne rashin sanin abin da ke riga wani shiga tukunya.

Ga ruwa lita 2, wanda zai ishi mutum takwas, a tanadi busasshiyar citta guda 3 masu girman babban yatsa, kanumfari 8, masoro 6, kimba 2 da kirfa mai tsawon yatsa. Kanumfari ƙirga shi ake yi, ba a ɗibarsa da hannu, domin idan ya yi yawa yana kashe harshe ya danne ƙamshin sauran. Kada a sayi garin citta na ƙulli. Tun da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 citta ta yi tsada, kuma wanda ya sayi gari bai san abin da aka gauraya masa ba. Gara a sayi kaɗan mai kyau ranar kasuwa.

A farfasa kayan a turmi, amma kada a mayar da su gari, don gari yana bi ta rariya ya kwanta a gindin kofi. Kimba kuwa bugu ɗaya ya ishe ta, saboda 'ya'yan cikinta ɗaci gare su. A wanke turmin tukuna idan an daka yaji ko daddawa a ciki.

A zuba kayan cikin ruwa tun yana da sanyi, a rufe, a ɗora a kan gawayi, domin hayaƙin kara yana kama shayi. Idan ya tafasa a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka a hankali na minti 15, har ruwan ya yi ja-ja, ƙamshi ya kai zaure.

Sai yanzu ganyen shayi zai shiga, kuma bayan an sauke tukunya. Lipton guda 4 ko ganyen Mambilla cokali 2 sun isa, a rufe minti 4 kacal, sannan a tace. Kayan ƙamshi suna buƙatar doguwar wuta kafin su saki abin da ke cikinsu, shi kuwa ganye da zarar ya daɗe a tafasa sai ya saki bauri, kuma babu yawan sukarin da zai gyara shi.

Madara ce ta taɓa kunyata ni. Wata Sallah dangin maigida suka zo, na ga cittar ba ta ji ba, sai na kankare ɗanya na ƙara bayan na zuba madarar shanu. Kafin in kai tire ɗaki shayin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Uwar mijina ta leƙa kofin ta ce, "'Yar nan, kindirmo kika dama mana?" Ɗanyar citta tana da sinadarin da ke tsinka madara, kuma tafasa tana kashe shi. Don haka mai son ɗanya ta sa ta tun farko tare da sauran kayan. Lemon tsami ma haka yake, ba ya haɗuwa da madara a kofi ɗaya. Madarar shanu a dafa ta daban, ta gari kuma a dama ta da ruwan ɗumi kafin a juye.

Ni mazarƙwaila nake sakawa, ta fi dacewa da citta, amma a rage wani ba zaƙi saboda dattawa masu ciwon sukari. A ɗauraye filas da ruwan zafi, a zuba shayin ba madara, kowa a haɗa masa a kofinsa, a miƙa da cincin.