Kurakuran da sababbin kansiloli ke maimaitawa wajen jera ayyukan ƙaramar hukuma

Duk lokacin da aka rantsar da sabon shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa a jihar Katsina, ba a rufa wata uku sai a ga sun koma kan kurakuran da magabatansu suka tafka wajen zaɓar aikin da za a fara da wanda zai jira. Na yi aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma na gaji da nanata magana ɗaya ga kowane sabon kansila da ya zo neman shawara, shi ya sa na ga gara in rubuta ta. Abin da zan faɗa tsarina ne na aiki, kuma akwai tsofaffin abokan aikina da har yau ba su yarda da wani ɓangarensa ba.

Ya kamata sabon shiga ya fara sanin girman aljihun da ya gada. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari ne na asusun tarayya, kuma kafin kason wata ya kai ga bulo ko siminti, sai an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, bai rage ko sisi daga wannan nauyi ba. Abin da ke saura kaɗan ne, kuma a kan wannan ɗan kaɗan ɗin ake yin duk ɓarnar da zan ambata.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne raba kuɗin ayyuka daidai wa daida tsakanin mazaɓu, kamar ana rabon gado. Ƙaramar hukumar Katsina tana da mazaɓu 12, saboda haka idan aka ɗauka, a misali, naira miliyan 120 ce ta rage, sai kowane kansila ya tashi da miliyan 10, kowa ya koma gida yana murna an yi adalci. Ba a yi adalcin komai ba, an dai kashe rigimar zauren majalisa ne da kuɗin talakawa. Ruwan sama bai san iyakar mazaɓa ba, haka ma kwalara da hayaƙin bola.

Na ga sakamakon wannan da idona. Akwai wata hanyar ruwa da ta ratsa mazaɓu uku, wadda sashenmu ya rubuta cewa ko dai a gina ta gaba ɗaya ko kuma a fara daga mafitarta. Aka yi watsi da takardar, kansilan tsakiya ya zuba kasonsa a lambatu, sauran biyun suka zaɓi shaguna da gyaran ɗakin taro. Da ruwan Agusta ya sauka, lambatun siminti ya tattaro ruwan da a da yake bazuwa a fili, ya ƙara masa gudu, ya juye shi a bakin gidajen ƙasa da ke daidai inda aikin ya tsaya. Katangu suka zube, hatsin mutane ya jiƙe a ɗaki. Waɗanda suka yanke shawarar ba su leƙa unguwar ba, ni aka tura in tsaya gaban mai unguwa da dattawansa, kuma wani tsoho ya dube ni ya ce, "Malam, da kun bar mu yadda kuka same mu, da ya fi mana." Ba ni da amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa. Kansilan da bai iya haƙurin shekara ɗaya don a ceci gidajen maƙwabtansa ba, bai san abin da aka zaɓe shi ya yi ba, ko da kuwa ya iya jawabi a gaban lasifika.

Maganin da na saba da shi ba shi da wuya. Kowane aiki da aka kawo, ina yi masa tambaya uku: wa zai cutu idan aka bar shi zuwa baɗi, mutum nawa ne za su amfana da shi kullum, kuma shin kuɗin da ke hannu zai kai shi ƙarshe? Aikin da barinsa zai jawo rushewar gida ko ɓarkewar cuta shi ne a sama, ko a mazaɓar wa yake. A ɗauki biyu ko uku a shekara a gama su, sannan a rubuta a cikin bayanan zaman majalisa mazaɓar da za ta biyo baya, domin kansilan da ya jira ya sami abin nuna wa mutanensa. Magudanar ruwa kuwa kullum daga gangare ake faro ta a hauro, ba daga ƙofar gidan mai faɗa a ji ba.

Kuskure na biyu shi ne son sabon gini da ƙin gyara. Sabon aiki yana da allon sanarwa da yanka kirtani da hoto a Facebook, shi kuwa gyaran famfon tuƙa-tuƙa ba wanda zai kira maroƙi a kansa. Saboda haka za ka tarar da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana an kashe mata miliyoyi, injin da ke cikinta ya ƙone tun bara, an sace faifan solar biyu, tankin yana tsaye a bushe, yara kuma suna bin 'yan ga-ruwa da jarka. A gefenta kuma ana haƙa wata sabuwa! Haka asibitin sha-ka-tafi da aka gina ba tare da an tanadi malamin asibiti ko ungozoma ba, har awaki suka mayar da barandarsa makwanci. Wannan ba rashin kuɗi ba ne, rashin kunya ne. A tsarina, lokacin da nake aiki, ba na sa hannu a fayil ɗin sabon aiki sai an haɗa masa takarda guda da ta faɗi wanda zai riƙe makulli, da wanda zai gyara idan ya lalace, da inda kuɗin gyaran zai fito. Kafin a yi maganar haƙa sabuwar rijiya kuma, sai an zagaya da mai unguwa an ƙirga matattun da ke mazaɓar, domin sau da yawa kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da tsofaffi da dama.

Akwai kuma rashin lura da lokaci. Yashe magudanan ruwa aikin Afrilu da Mayu ne, amma sai a jira har ruwa ya shiga gidaje sannan a fito da shebur da 'yan jarida, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta isa ta nuna wa kowa abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a wannan yanki. Ƙasar da aka yaso kuma a kwashe ta a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a ɗauki buƙatun waɗanda ke cika harabar sakatariya a matsayin buƙatun gari, domin matar da ke tafiya mai nisa neman awon ciki ba ta da lokacin zaman jiran ciyaman. Kada a yi gasa da gwamnatin jiha a kan manyan tituna ko ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar Ajiwa, alhali Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa abin da ke wuyan ƙaramar hukuma, wato kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da magudanan cikin unguwa. Kada a yi watsi da aikin da ya kusa kammala don kawai wanda ya fara shi ɗan wata jam'iyya ne. Kada a bari rumfuna su cinye hanyoyin cikin kasuwa saboda kuɗin haya, wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Kuma kada a ɗauko ƙiyasin da aka yi kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 a ba da kwangila da shi, domin ɗan kwangila zai karɓi kuɗin somin-taɓi, ya kai ginin linta, ya dawo yana neman ƙari. A aika ma'aikaci kasuwa ya tambayo farashin siminti da rodi da tifar yashi a makon da za a sa hannu.