Darasi na Tara: Duba Tafin Ƙafarka

Mutane da yawa suna ɗauka ciwon dajin fata na Turawa ne kaɗai. Ba haka ba ne. Baƙar fata ta fi farar fata jure rana, amma ciwon yana kama mu, kuma sau da yawa a inda ba ma kallo yake ɓulla: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu ko ƙarƙashin farce. Wannan irin ba rana ce ke jawo shi ba. Shi ya yi ajalin mawaƙin Jamaika, Bob Marley, a 1981, yana da shekara 36. Daga farcen babban yatsan ƙafarsa ya faro.

Da farko tabo ne baƙi ko ruwan ƙasa, a kwance a kan fata. Ba ya zafi, shi ya sa ake cewa ai tawadar Allah ce. Tawadar Allah tana nan yadda take shekara da shekaru. Wannan kuwa ƙara faɗi yake yi a hankali, gefensa a karkace, launinsa a gauraye. In ya kai girman ƙwayar wake, ko ya kumbura, ko jini ya fara tsattsafowa, kada a ƙara jira.

A farce, baƙin layi yake yi. Idan tuntuɓe ka yi jini ya kwanta, tabon zai riƙa matsawa gaba yayin da farce ke tsawo, har wata rana ka yanke shi. Na ciwon daji ba ya gusawa. Faɗi yake ƙarawa, wani lokaci har baƙin ya sauko kan fatar gindin farcen.

Akwai kuma tsohon gyambo da tabon ƙuna. Gyambon da ya daɗe a ƙafa yana warkewa yana dawowa, ko tabon wutar da aka samu tun yarinta, yana iya rikiɗewa ya zama sankara bayan shekaru. Alamarsa ita ce bakinsa ya yi tudu, nama ya tsiro, ya yi wari. Duk mikin da ya yi wata biyu ana sa magani bai rufe ba, a kai wa likita. Mai ciwon sukari ma kada ya jira haka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a kai wa wanzami ya tsaga, ko a yi ta ɗaura garin magani, sai kaluluwa ta fito a matsematsi sannan a nemi mota. A lokacin nan mai yiwuwa ciwon ya riga ya yi tafiya cikin jiki.

Dubawar ba wuya. Kullum muna wanke ƙafa wajen alwala. Sau ɗaya a wata, ka zauna a wuri mai haske, ka ɗora ƙafar a gwiwa, ka ware yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi, ko jika ya duba masa. Mata su duba kafin su sa lalle, don lalle yana rufe tabo a tafi da farce. Da hunturu kaushi da faso suna ɓoye abu. A jiƙa ƙafar, a goge ta, sannan a duba.

Rana kuma tana da nata ɓarnar, musamman ga zabiya. Fatarsu ba ta da abin da ke tare hasken rana, don haka ciwon dajin fata yana saurin kama su tun suna matasa. Kada a aiki yaro zabiya talla ko gona da tsakar rana, tun ba a bazara ba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa. A sa malafa, riga mai dogon hannu da takalmi mai rufi, don silifas yana barin bayan ƙafa a fili. In da hali, a sayi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko fiye, a shafa har bayan ƙafa, a sake shafawa duk bayan awa biyu da kuma bayan alwala. Manomi da ɗan acaba ma malafa da inuwa za su amfane su.

In ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, fara da asibitin unguwarku ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya. Daga nan za su iya tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Likita zai yanki ɗan nama a auna, don ido kaɗai ba ya tabbatarwa. In an gano shi da wuri, sau da yawa ƙaramin aikin fiɗa ya wadatar.

Aikin gida: ka duba ƙafafunka da na tsofaffin gidanku. Ka rubuta kwanan wata da inda ka ga tabo a littafinka, ka zo da shi aji mako mai zuwa.