Hotonka na fitowa dishi-dishi? Duba waɗannan kafin ka sayi sabon lensi

Duk mai ɗaukar hoto a wajen biki ya san wannan takaicin, a bayan kyamara hoto yayi kyau tas, sai ka dawo gida ka buɗe a kwamfuta ka zuƙo fuskar amarya kaga idon ya watse kamar hazo ya rufe shi. Nan take sai mutum yace ai lensin ne ya mutu, ya fara neman kuɗin sabo. Toh ɗan uwa dakata tukuna, mafi yawan lokuta lensin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana hannunka ko a saiti, kuma gwajin da zai nuna maka gaskiya ko sisi ba zai ci maka ba.

Fara da shota, wato ƙofar cikin kyamara dake buɗewa ta rufe don haske ya shiga. Dokar da aka daɗe ana bi itace saurin shota kada ya gaza tsawon lensinka, wato in kana 50mm kada ka sauka ƙasa da 1/50 na daƙiƙa. Amma yawancinmu ƙaramar sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara, muke riƙe da ita, irin su Canon 600D ko Nikon D3200, ita kuma sai ka ninka tsawon lensin, Canon da 1.6 Nikon da 1.5, don haka 50mm ɗinka 1/80 yake buƙata ko sama. Wannan fa don rawar hannunka ne kawai, mutane kuma motsi suke, in ƙawayen amarya sun shigo fili ana liƙi ana juyi 1/250 ma da ƙyar zata tsayar dasu. Kada kaji tsoron ɗaga ISO, wato saitin dake ƙara wa hoto haske, zuwa 1600 ko 3200, hoto mai ɗan yashi-yashi amma ido ya fito tar ya fi hoto mai santsi wanda ya girgiza, na farkon ana iya gyarawa, na biyun sai shara.

Sai fokos. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, abinda yafi kusa ko yafi ƙyalli zata kama, ɗankunne, gwaggwaro, hannun wani da ya miƙo waya. Maida ita kan ɗigo ɗaya ka ɗora shi a idon da yafi kusa da kai. Kuma ka duba hoton da ya lalace da kyau, in ido ya watse amma kunne ko bangon baya ya fito shar, toh gilashin ba laifinsa bane, fokos ne ya faɗa baya.

Ga gwajin da nake so kowa yayi. Manna shafin jarida a bango inda akwai hasken rana, ɗora kyamara a ƙafa uku ko kan tebur, ta fuskanci takardar daidai ba a karkace ba, ISO 100, kashe IS ko VR wato saitin hana girgiza na lensi, cire duk wata filta dake bakin lensin, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya motsa ta. Ɗauki ɗaya ta ramin leƙawa, sannan ka kunna allon baya ka sake yin fokos ka ɗauki wani. Fokos ɗin allon baya a kan sensa kanta ake yinsa shi yasa da wuya yayi kuskure, in nasa ya fito tangaran na ramin leƙawa kuma ya watse, kaga ka kama ɓarawon, kyamara da lensi ne basu daidaita ba. Irin su Canon 7D da 70D da Nikon D7000 suna da wajen gyara wannan a menu, ƙananan kuma babu, sai dai mai gyara.

Kana nan dai kada ka tashi, ɗauki jaridar a kowace afaca, wato girman ramin da haske ke bi a cikin lensi, ƙaramar lamba rami a buɗe, babbar lamba rami a tsuke, f/1.8, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8 har f/22. Zaka ga a buɗe gaba ɗaya rubutun yayi ɗan laushi, daga f/4 zuwa f/8 ya fito fes, bayan f/16 kuma ya sake lalacewa saboda ramin yayi ƙanƙanta haske na bazuwa. Haka kowane lensi yake, ba ciwo bane. Abinda ke damuna shine yadda matasa ke ɗaukar hoton dangi mutum goma sahu biyu a f/1.8 wai don baya ya narke, ai sahun gaba kaɗai zai fito, hoton taro f/5.6 yake so. Sannan duba kusurwoyi huɗu na hoton, in gefe ɗaya ya fito ɗayan kullum a watse, wannan kam gilashin ciki ne ya goce, galibi faɗuwa ke jawo shi.

Filta mai araha ɗin nan da ake haɗo maka kyauta tana cin kyan hoto sosai, gwada da ita da babu ita ka gani da idonka. Lokacin hunturu kuma kada ka goge ƙura da bakin riga, yashi ne zai karce gilashin, fara hure ta da ɗan famfon roba sannan ƙyalle mai laushi. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba, haska tocila ta cikin lensin, in kaga zare-zare kamar saƙar gizo ta fara ci, kada ka bar kaya a jaka mai danshi, jefa ƙunshin silika a ciki. Af, kuma in kwastoma yace hoto ya lalace tambaye shi ta ina ya karɓa, WhatsApp na matse hoto, tura masa a matsayin fayil.

In duk ka bi wannan kuma har yanzu 18-55mm ɗin da tazo da kyamara ta gaza maka a ɗakin taro da daddare, toh yanzu ne maganar sayayya. Ni shawarata kada ka fara da canza kyamara. Ɗauki 50mm f/1.8 STM na Canon wanda ya fito 2015, ko 35mm f/1.8G in Nikon kake, suna cikin mafi araha kuma hasken da suke sha ya ninka na wancan sau da yawa. In zum kake so akwai 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron. Bayansa filash da zaka harba sama ya dawo daga silin. Sai a ƙarshe kyamara, marasa madubi irin Sony a6400 ta 2019 suna bin ido da kansu, kuma in ka koma Canon R, marasa madubin Canon, akwai adafta da tsofaffin lensunanka na Canon masu alamar EF zasu hau.

In na hannu zaka saya, tafi da kyamararka da tocila, haska ciki, juya zoben fokos kaji ko yana cijewa, ɗauki rubutun allon shagon dake tsallaken titi a buɗe da kuma f/8 ka zuƙo ka duba kusurwoyin nan huɗu tun kuɗinka na aljihu.