Yadda na gyara matsalar faɗa mai cin lokaci a teburinmu na D&D

Mu shida muke haɗuwa a zauren wani abokinmu a Gwale duk Asabar bayan La'asar muna buga Dungeons & Dragons, wasan labari ne na tebur da ake yi da dayis, kowa da jaruminsa, bugu na 5 ɗin nan da ya fito 2014, ni ne mai jan labari. Matsalar ita ce da an fara faɗa da dodanni a cikin labarin shikenan wasa ya mutu, kafin layi ya zagayo kan mutum ya shige waya yana kallon status, sai ka ji ana kiran Magariba ba a gama da goblin, wani ƙaramin dodo, ko ɗaya ba. Wallahi abin yana damuna don na sha wahala wajen tsara labarin.

Na yanka kwalin indomi ƙanana, na rubuta sunan kowa na jera su a gabana bisa layi, kowa yana ganin wa ke biye. In ina magana da ɗaya sai in ce wa na gaba, malam shirya kai ne. Sannan dayis mai fuska 20 na ganin ko hari ya samu, da na yawan ɓarnar da harin ya yi, a jefa su tare, ba sai an jira ba.

Amma wanda ya fi taimaka min shi ne dodanni, ashe littafin dodannin wasan ya riga ya rubuta matsakaicin ɓarnar kowanne a gefe, na daina jefa musu dayis, kuma in iri ɗaya ne lokaci guda suke motsi. In faɗa ya nuna alamar ƙarewa sai in sa ragowar su gudu ko su roƙi afuwa, nan ma hira take tashi.

Makon jiya mun gama faɗa har jaruman sun shiga gari a labarin kafin sallah.