Yadda Ake Zaɓa Tsakanin "to read" da "reading" a Jimlar Turanci

Ɗalibi yana iya haddace ɗaruruwan kalmomin Turanci, amma da zarar aikatau biyu sun haɗu a jimla ɗaya sai ya tsaya yana wasi-wasi, shin "to read" zai rubuta ko "reading". Siga ta farko ita ce infinitif, wato aikatau da "to" kafinsa, ta biyu kuma jerand, wato aikatau da aka liƙa wa "-ing" ya koma aikin suna. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin muna cewa "ina so in karanta", muna kuma cewa "ina son karatu". Bambancin shi ne Turanci galibi ba ya barin mai magana ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi, kalmar da ta gabata ce take yanke hukunci.

Mataki na farko shi ne a duba ko aikatau ya biyo bayan ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin nan irin su "in", "at", "of", "about", "without", "before" da "after". Idan haka ne, babu dogon tunani, "-ing" za a sa: "She is good at cooking", "He left without paying".

Mataki na biyu shi ne a dubi aikatau na farko a jimlar. Akwai waɗanda ba sa karɓar komai sai "-ing", kamar "enjoy", "avoid", "finish", "mind", "deny", "keep" da "suggest", shi ya sa "I enjoy reading" daidai ne, "I enjoy to read" kuwa kuskure ne. Akwai kuma masu buƙatar "to", kamar "want", "decide", "hope", "promise", "refuse" da "agree". Yawancin waɗannan na biyu suna magana ne kan abin da bai faru ba tukuna, wato buri ko niyya ko alkawari, kuma wannan yana taimaka wa mai koyo, sai dai ba ƙa'ida ba ce da za a jingina da ita gaba ɗaya, tunda "suggest" da "consider" ma gaba suke dubawa amma "-ing" suke ɗauka. A ganina hanya mafi inganci ita ce kada a haddace aikatau shi kaɗai, a rubuta shi a littafi cikin cikakkiyar jimla tare da abin da ke bin sa. Wasu kamar "begin", "start" da "continue" suna karɓar sigogin biyu ba tare da ma'ana ta sauya ba.

Mataki na uku ya fi sauran buƙatar natsuwa, domin a nan ma'ana ce take juyawa. "He stopped smoking" na nufin ya daina shan taba, amma "He stopped to smoke" na nufin ya dakata da abin da yake yi domin ya sha taba. "Remember to lock the door" tunatarwa ce kan abin da za a yi, alhali "I remember locking the door" tuna abin da aka riga aka yi ne. Haka "try to open it" yana nufin yin ƙoƙari a kan abu mai wuya, "try opening it" kuwa shawara ce ta a gwada a ga ko za a dace. Kafin a rubuta irin waɗannan, sai a tambayi kai a Hausa abin da ake nufi, sannan a zaɓi sigar.

Mataki na huɗu shi ne a tantance wace "to" ce aka gani, domin ba kowace ba ce ta infinitif. Wasiƙun neman aiki da dama suna ƙarewa da "I look forward to hear from you", kuma abin yana damuna, saboda kuskure ne da yake rage wa takarda mai kyau kwarjini a layinta na ƙarshe. Daidai shi ne "to hearing". Gwajin mai sauƙi ne: idan za a iya sa suna bayan "to" jimlar ta zauna daidai, kamar "I look forward to the holiday", to aikatau da zai zo wurin "-ing" zai ɗauka. Da wannan ake rarrabe "I used to walk", wato a da nakan yi tafiya a ƙasa, da "I am used to walking", wato na saba da ita.

Mataki na ƙarshe shi ne sanin inda ake jefar da "to" gaba ɗaya, wato bayan "can", "must", "should" da "will", da kuma bayan "make" da "let". Ana cewa "He made me laugh", ba "made me to laugh" ba, ko da yake "to" tana dawowa idan aka juya jimlar: "I was made to wait". "Enable" da "allow" kuwa ba sa rabuwa da ita idan an ambaci wanda aka ba damar, don haka "to enable me travel" da aka saba gani a takardun ofis a Nijeriya yana buƙatar gyara zuwa "to enable me to travel", musamman ga mai shirin rubuta jarrabawar WAEC ko NECO.